Nazarin Lamari: Shekarar Farko ta Wata Yarinya Musulma Bayan Ƙaura Zuwa Ƙasar Waje

Asalin lamarin, kafin Satumba 2023

Yarinyar da wannan nazari ya shafa tana da shekara bakwai da 'yan watanni lokacin da iyayenta suka ƙaura da ita zuwa wani birni a arewacin Ingila, a ƙarshen watan Agusta na 2023. Mahaifinta ya samu gurbin karatun digiri na uku, mahaifiyarta kuma ta ajiye aikinta domin ta bi shi da yara biyu, wato yarinyar da ƙanenta mai shekara huɗu. Ta tashi ne a gida mai yawan jama'a, kuma da kakarta ta wajen uba ta fi shaƙuwa. A ɗakinta take kwana, kuma ita ce ta fara biya mata Fatiha da ƙananan surori. An san ta da surutu da yawan tambaya. Turancinta bai wuce na aji ba, tana iya karanta gajerun jimloli, amma kunnenta bai saba da saurin maganar 'yan ƙasa ba.

Ba a gaya mata maganar tafiyar ba sai ana saura kwana goma, domin iyayen sun ga gara kada a tayar mata da hankali tun da wuri. Da aka tashi gaya mata, daɗin tafiyar kaɗai aka zayyana: shiga jirgi, sabuwar makaranta da dusar ƙanƙara. Babu wanda ya faɗa mata tsawon zaman da za a yi, babu kuma wanda ya fito fili ya ce mata kaka ba za ta biyo su ba. Bayanan da ke tafe sun fito ne daga littafin da mahaifiyar ta riƙa rubutu a ciki, da rahotannin malamar aji, da abin da wata malamar Islamiyyar ƙarshen mako ta lura da shi.

Satumba zuwa Oktoba 2023: alamomin farko

An saka ta a aji uku na firamare a farkon Satumba. Makonni biyu na farko sun wuce lami lafiya, har iyayen suka fara murna cewa yaran sun fi su saurin sabawa. A mako na uku malamar aji ta sanar da mahaifiyar cewa yarinyar ba ta taɓa buɗe baki a aji ba, ko da an kira sunanta sai dai ta ɗaga hannu, kuma lokacin tara takan tsaya jikin bango tana kallon masu wasa. A gida kuma ta fara ƙorafin ciwon ciki da safe, kwana biyu ko uku cikin kwanaki biyar na makaranta, ciwon da ba ya tashi ranar Asabar da Lahadi. Takan dawo da abincin ranarta kusan yadda ta tafi da shi.

A ranar 29 ga Oktoba aka mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi duk shekara, sai duhu ya fara riskar su jim kaɗan bayan tashi daga makaranta. A wannan makon ne ta fara fitsarin kwance, abin da ta daina tun tana shekara uku. Ta kuma fara wata tambaya da take maimaitawa kusan kullum da almuru: me ya sa ba a kiran salla a garin nan? An yi mata bayani cewa ana kira, amma a cikin masallaci, ba a fitar da sautin waje. Bayanin bai hana ta sake tambaya washegari ba.

Nuwamba 2023: matakan da iyaye suka fara ɗauka

Iyayen mutane ne masu riƙo da addini, saboda haka abin da suka fi sani shi suka fara da shi. Duk lokacin da ta fara kukan kaka, mahaifin yakan zaunar da ita ya ce, "Yi haƙuri, 'yata, Allah yana tare da masu haƙuri," ya kuma tuna mata cewa yara da yawa suna neman irin wannan dama ba su samu ba. Mahaifiyar ta kafa dokar cewa kafin barci sai yarinyar ta lissafa ni'imomi goma da za ta gode wa Allah a kansu. Daren farko ta yi ta tunani kafin ta haɗa goman. Zuwa ƙarshen mako ta haddace jerin, ido da kunne da hannu da ƙafa da sauransu, tana karanto shi cikin ƙasa da minti ɗaya kamar mai biya hadda, sannan ta juya fuska bango.

Mataki na biyu shi ne rage kiran kaka. Sun lura cewa duk ranar da aka yi kiran bidiyo sai ta wuni tana kuka, sai suka mayar da shi daga kusan kullum zuwa sau ɗaya a mako biyu, ba tare da an gaya mata dalili ba. Mataki na uku lada ne: an yi mata alkawarin sabon kayan wasa idan ta yi mako guda ba ta yi kuka ba.

Kukan ya ragu ƙwarai, har mahaifin ya ɗauka an shawo kan matsalar. Sai dai littafin mahaifiyar ya nuna wani abu dabam. Fitsarin kwance ya tashi daga dare biyu zuwa huɗu a mako, ciwon cikin safe ya zama na kusan kullum, kuma shirun makaranta ya biyo ta gida, ta yadda amsarta ba ta wuce "to" da "a'a". Ta kuma fara cin zalin ƙanenta a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

A daren ƙarshe na watan, bayan ta gama jero ni'imominta, sai ta tambayi mahaifiyarta, "Umma, idan mutum yana kuka a ɓoye, shi ma Allah yana fushi da shi?" Da aka bi ta a hankali, sai ta bayyana cewa takan shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska, kuma ta yi imani cewa kewar da take ji butulci ne ga Allah, shi ya sa ba ya amsa addu'arta ta a mayar da ita wurin kaka. Daga wannan daren mahaifiyar ta dakatar da lissafin ni'imomi goma.

Disamba 2023: likita da makaranta

An kai ta wurin likita a makon farko na Disamba. An duba ta, an gwada fitsari, ba a samu wata cuta ba. Likitan ya yi bayani cewa ciwon ciki da komawa fitsarin kwance suna daga cikin hanyoyin da damuwa ke bayyana a jikin yaro, cewa ciwon na gaske ne ba ƙarya take yi ba, ya kuma hana a yi mata faɗa a kan jiƙa shimfiɗa.

Makarantar ta haɗa iyayen da malamar da ke kula da yaran da Turanci ba harshensu na gida ba ne. Ita ce ta sanar da su cewa shirun aji sanannen mataki ne ga yaron da ya faɗa cikin sabon harshe. Mai bincike Patton Tabors ta bayyana yadda ƙananan yara kan fara da gwada harshensu na gida, sannan su shiga lokacin shiru suna sauraro, sannan su fara fitar da gajerun kalmomi da jimlolin da suka haddace, kafin su iya haɗa nasu. Malamar ta kuma gaya musu abin da mai bincike Jim Cummins ya nuna, cewa harshen hira yakan samu cikin kimanin shekara biyu, amma harshen karatu mai zurfi yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Aka daina kiran ta ta yi magana a gaban aji, aka zaunar da ita kusa da wata yarinya mai sanyin hali, aka kuma sa ta cikin rukunin yara huɗu da ke karatu tare sau uku a mako.

Wannan ya sauke wa iyayen wani nauyi, amma bai taɓa tambayar da ta yi a daren Nuwamba ba. Hutun ƙarshen shekara ya zo a lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, iyalin suna kulle a ɗaki, kuma littafin bai nuna wani sauyi a dararen ba.

Janairu zuwa Fabrairu 2024: sauya hanya

A farkon Janairu aka saka ta Islamiyyar ƙarshen mako. Ajin farko bai karɓe ta ba, domin yara sun kusa talatin, da Turanci ake koyarwa, kuma ta fito a ruɗe fiye da yadda ta shiga. Bayan mako biyu aka mayar da ita wurin wata dattijuwar malama mai ƙaramin aji, wadda ita ma ta reni 'ya'yanta a baƙuwar ƙasa. Malamar ta saurari mahaifiyar har ta gama, sannan ta nemi a daina ce wa yarinyar ta yi haƙuri na tsawon wata guda, a maye gurbinsa da tambayar abin da take kewa.

Labarin farko da malamar ta ba yarinyar shi ne na Bilal, Allah ya ƙara masa yarda. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa bayan hijira zuwa Madina a shekarar 622, zazzaɓi ya kama Abubakar da Bilal, kuma idan zazzaɓin ya sassauta wa Bilal yakan ɗaga murya da baitocin begen Makka, yana fatan ya sake kwana a kwarinta, ya sha ruwan Majanna, ya hango duwatsun Shama da Ɗafil. Da labari ya je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsawata masa ba. Addu'a ya yi cewa Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye da haka. Malamar ta ce yarinyar ta daɗe tana kallon ta, sannan ta tambaya, "Malama, Bilal mai kiran salla?" Da aka ce mata shi, sai ta sake tambaya ko an yi masa faɗa. A ranar ta lissafa wa malamar abubuwan da take kewa, tun daga ƙamshin ɗakin kaka har zuwa wata mage da babu wanda ya san ta damu da ita.

A makonnin da suka biyo baya malamar ta ƙara mata da wasu. Akwai maganar da Manzon Allah ya yi wa Makka, wadda Tirmizi ya ruwaito, cewa ita ce mafi soyuwar ƙasar Allah, kuma da ba a fitar da shi ba da bai fita ba. Akwai Annabi Yaƙub, wanda ya ambaci kyakkyawan haƙuri a Suratu Yusuf, amma idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukan damuwarsa. Akwai kuma Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, wanda Manzon Allah yakan tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Wannan na ƙarshe malamar ta fi yin sa ne saboda iyayen, domin su ga cewa abin da ya dami yaro, komai ƙanƙantarsa a idon babba, ya isa a tsaya a kansa.

Mahaifin ya gwada ba da labarin hijira da kansa a gida, amma ya rufe shi da cewa wahalar sahabbai ta fi tata nesa ba kusa ba, don haka ba ta da abin kuka. Yarinyar ta yi tsit, kuma daren ta jiƙa shimfiɗa. Bayan kwana biyu ya sake zaunar da ita, wannan karon ya gaya mata cewa shi ma yana kewar mahaifiyarsa, cewa wani lokaci yakan rasa barci saboda tunaninta, sannan suka ɗaga hannu tare suka yi addu'ar da aka yi wa mutanen Madina, suka sa sunan garin da suke ciki. Mahaifiyar ta rubuta cewa tun zuwansu ba ta ga yarinyar ta hau cinyar mahaifinta ba sai wannan ranar.

Daga nan aka tsara abubuwa huɗu. An dawo da kiran kaka a tsayayyen lokaci, Laraba da Asabar, kuma aka ba kiran aiki: kaka ce ke karɓar haddar surar mako, tana sa mata albarka, ko da kuka zai biyo baya ba a katse shi. An gaya mata gaskiya cewa zaman zai ɗauki shekaru, aka manna kalanda a bango tana soke kwanaki zuwa ziyarar gida da aka tsara a watan Agusta. Haƙuri kuma aka mayar da shi ƙaramin aiki mai farko da ƙarshe, wanda ita ke zaɓa kowane mako, kamar ta gaida malamar aji da baki, ko ta zauna cin abinci kusa da abokiyar zamanta, idan ta dawo sai a ce mata, "Kin ji tsoro, amma kin daure kin yi, wannan shi ne haƙuri." Godiya kuwa ta koma zaman minti biyar bayan sallar Isha, inda kowa a gidan, har da iyayen, zai faɗi abu ɗaya da ya yi masa wuya a ranar da abu ɗaya da ya gode wa Allah a kansa, da sharaɗin ya zama abin da ya faru a wannan ranar.

Kwanakin farko ɓangaren wuya kaɗai take faɗa, aka ƙyale ta. A mako na biyu ta ce ta gode wa Allah domin abokiyar zamanta ta ara mata abin fiƙe fensir tun ba ta roƙa ba. Mahaifiyar ta karanta mata hadisin da ke cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, suka zana ɗan katin godiya tare. Miƙa katin ne ya zama dalilin jimlarta ta farko da Turanci ga wata ɗaliba, a tsakiyar Fabrairu, kimanin wata biyar da rabi da shigarta makarantar. Zuwa ƙarshen watan fitsarin kwance ya sauka zuwa dare ɗaya a mako, ciwon ciki kuma sai safiyar Litinin.

Maris zuwa Afrilu 2024: azumi da koma baya

Azumi ya kama a mako na biyu na Maris. Tun da bai hau kanta ba, rabin yini kawai ta riƙa yi ranakun hutu. Buɗe baki a masallaci ya haɗa ta da yara Musulmi daga ƙasashe dabam dabam, kuma a nan ta sake jin kiran salla da kunnenta daga bakin ladan. Tambayar almuru ta tsaya daga lokacin. A aji ta fara amsa tambaya a ƙaramin rukuni.

Ranar Salla, 10 ga Afrilu, komai ya koma baya. Ta ga dangi a bidiyo sun taru, ta ƙi sa sababbin kayanta, ta yi kuka har barci ya ɗauke ta, kuma ta jiƙa shimfiɗa dare uku a jere. Iyayen ba su sauya komai a tsarin ba. A zaman daren Salla mahaifiyar ce ta fara magana, ta ce ita ma wannan rana ta yi mata nauyi. Bayan kwana biyar dararen suka daidaita.

Yuli 2024: inda aka tsaya

Rahoton ƙarshen shekara ya nuna tana magana a rukuni ba tare da an matsa mata ba, tana da ƙawaye biyu, amma har yanzu ba ta son tsayawa gaban aji duka, kuma rubutunta na Turanci yana bayan na sa'o'inta. Fitsarin kwance bai sake dawowa ba tun farkon Mayu, ciwon ciki ma ya ɓace. Tana kuka wani lokaci bayan kiran kaka, a fili, na 'yan mintoci. Wata sabuwar matsala ta ɓullo: ita da ƙanenta sun koma hira da Turanci a tsakaninsu, kuma ƙanen ya fara kasa mayar wa kaka amsa.

Hukunci

Ba adalci ba ne a jingina duk sauƙin da aka samu ga abin da aka yi a gida. Lokaci ya yi aikinsa, kunnenta ya saba da harshe, makaranta ta ɗauki matakan da suka dace, kuma rana ta ƙara tsawo. Amma waɗannan ba za su iya warware ƙullin da ya fi ba ni tsoro a lamarin ba, wato yarinya 'yar shekara bakwai ta ɗauka Ubangijinta yana fushi da ita saboda tana kewar kakarta. Da an bar wannan tunani ya zauna, da ta iya Turanci, ta yi ƙawaye, amma ta girma tana ganin addini shi ne abin da ake rufe mata baki da shi.

Matakan Nuwamba sun gaza ne duk da cewa kalmomin da aka yi amfani da su gaskiya ne. Ayar Suratul Baƙara da mahaifin yake nufi ta ce a nemi taimako da haƙuri da salla, wato haƙuri abin dogaro ne ga wanda ke cikin wuya, amma yarinyar ta ji shi a matsayin umarnin ta yi shiru. Jerin ni'imomi goma bai haɗu da komai a rayuwarta ta ranar ba, kuma an kawo shi ne a matsayin hujja a kan kukanta. Binciken Robert Emmons da Michael McCullough na 2003, wanda ya nuna amfanin lissafa abubuwan godiya, a kan manya aka yi shi, masu rubuta abin da su da kansu suka gani. Yaro ƙarami yana buƙatar abu ɗaya da ya taɓa shi a yau, yana kuma buƙatar ya ga babba yana yi. Rage kiran kaka da ladan rashin kuka sun ɓoye alamar ne kawai, sai damuwar ta nemi hanyar fita ta ciki da mafitsara. Kuskuren da ya riga duka, a ganina, shi ne ɓoye mata gaskiyar tafiyar, domin yaron da bai yi sallama da kyau ba yakan zauna cikin jiran komawa.

Abin da ya yi aiki daga Janairu shi ne jerin da aka bi: an fara amincewa da kewarta, an nuna mata cewa mutanen da take girmamawa a addini sun ji irinta ba tare da imaninsu ya ragu ba, sannan aka ba ta haƙuri da godiya daidai ƙarfinta. Maganar mahaifin game da mahaifiyarsa ta fi duk wa'azin da ya yi a baya tasiri, kuma ina ganin ita ce ta buɗe ƙofar sauran. Tsayuwar iyayen a kan tsarin ranar Salla ta nuna cewa su ma sun daina ɗaukar hawaye a matsayin alamar gazawa.

Batun harshen gida yana nan a buɗe, kuma ya shafi abin da aka gina kai tsaye, tun da alaƙar yaran da kakarsu a kansa ta rataya. Iyayen sun yanke cewa daga Satumba zaman bayan Isha da harshen gida kaɗai za a riƙa yin sa, kuma za a ware wa ƙanen nasa lokacin da kaka ranar Asabar.